An Daka Akinti

Kun gani. Kada wani ya ce mini bai gani ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Binjona zuwa Zigincor da rani ya ga fadamun nan da suka yi fari fat, ya ga kututturan itatuwan bakin ruwa a tsaye a bushe, ya ga tsofaffin kunyoyin shinkafa da babu ko tsinken ciyawa a kansu. Kun leƙa ta tagar mota, kun ce "Allah ya kyauta", kun mayar da ido kan waya. Da kuka isa gida aka zuba muku shinkafar buhu da ta ƙetaro teku a jirgi, kuka ci da kifi, kuka yi hamdala. Gishiri yana cinye ƙasar da ta ciyar da kakanninku, ku kuwa ko a jikinku. To, ku zauna ku ji abin da irin wannan kau da kai ya jawo mana a garinmu Kanjolen.

Kakata Sirandin Baji, mahaifiyar babana, ita ce mace ta ƙarshe a garinmu da ke shuka Akinti. Jar shinkafa ce mai dogon kara, ba ta cika rumbu, ga wuyar surfe. Sunan wata kakar kakarta aka sa mata, wadda ta zo da ita daga tsibirai a ƙulle a bakin zane. Da aka kawo gajeren farin iri mai yawan haihuwa, matan gari suka watsar da Akinti ɗaya bayan ɗaya. Kaka kaɗai ta ƙi. Suka sa mata suna mai taurin kai, ta amsa.

Sai ga daminar da ruwa ya ɗauke a tsakiya, shinkafa na shirin yin ciki. Ana cikin wannan kuma babbar cikowar teku ta fasa jingar da ta tare mana ruwan gishiri. Kafin maza su taru da kajandu, doguwar cebur ɗinmu ta haƙar laka, su toshe, ruwan ya riga ya kwanta a gonaki. Farin iri ya ƙone ƙurmus. Gonar Kaka ita ce ta can ƙasa, daf da rafi, ita ta fi shan gishirin. Bakin ganyenta ya babbake, karanta ya sunkuya, amma ta fid da kai. Kaka ta bi ta da 'yar wuƙarta zangarniya bayan zangarniya, ta haɗa 'yan dammai kaɗan. Ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ɗaure su duka ta rataye a rumbunta, iri ne na baɗi.

Ni a lokacin ina arewa, a Sanluwi, a wata cibiyar binciken shinkafa, kuma abin da nake karantawa ke nan dare da rana: me ya sa wata shuka take jure gishiri, wata take mutuwa. Da labarin ya iske ni ban iya zama ba. Na hau mota na zo.

Na same ta a gindin mangwaro tana gyaran busasshen kifi.

"Ga likitar ciyawa," in ji ta. "Wa ya mutu kika zo ba salla ba, ba biki ba?"

"Kaka, wajenki na zo. Akinti nake so. Cikin hannu ɗaya kawai."

"Yau kuma? Ba ke ce kike tura kwano kina cewa tana kartar miki maƙogwaro ba?"

"Ba ci zan yi ba."

"To ado za ki yi da ita?"

Na ja kujera na zauna. Na ce, "Kaka, kin san Famara mai ganga."

"Wannan ragon? Tun da nake ban taɓa ganin laka a gwiwarsa ba. Jinga ta fashe, mutane na nishi, shi yana kan tudu yana dukan itace."

"In bai doka ba fa?"

"Sai mu farka mu ga kifi a ɗaki."

"To, a cikin kowace shuka akwai irin su Famara. Ba su ɗaukar laka. Aikinsu tashin masu ɗauka."

Haka na yi mata bayani, kuma haka zan yi muku, don abin bai fi ƙarfin kan kowa ba. A cikin shuka akwai ƙwayoyin gado dubu-dubai, kowace da aikinta, amma yawancinsu a kwance suke sai an tashe su. Akwai wasu 'yan kaɗan da ba su da wata sana'a sai tashin sauran. Gishiri na taɓa saiwa, su ne ke fara farkawa. Sai su aika wa wannan: rufe ƙananan ƙofofin ganye kada ruwa ya tsere. Su aika wa waccan: tura gishirin waje, wanda ya riga ya shigo kuma a kulle shi a lungun da ba zai yi ɓarna ba. Su sa wata ta tara zaƙi a jikin shukar don ta riƙe ɗan ruwan da ya rage mata. 'Yan gida ɗaya ne da masu yin shela idan fari ya zo, ko idan sanyi ya sauka, wani lokacin ma mai ganga ɗaya ne ke yin duka ukun. Shukar da mai gangarta ke da saurin ji da ƙarfin hannu, ita ke rayuwa.

Kaka ta saurare ni har ƙarshe, wuƙa a hannu. Ta ce, "Shi farin irin nan da aka kawo mana ba shi da mai ganga?"

"Yana da shi. Nauyin barci ne da shi."

"Ashe ɗan birni ne." Ta yi dariya har tana tari. "To ke me za ki yi wa nawa?"

"Zan shuka ta a ɗakin bincike, in zuba mata ruwan gishiri, in ga wane ne ke fara tashi a cikinta. In na gane shi, sai mu haɗa ta aure da farin irin. 'Ya'yansu su ɗauko yawan haihuwa can, su ɗauko juriya nan. Kaka, duk fadamun da suka mutu daga nan har bakin teku za su iya tashi."

"Madalla. Ki dawo da ruwan farko."

"Kaka, yanzu nake so."

"An ɗaure, Sona. Irin da aka ɗaure aka rataye ba a kwance shi sai ruwa ya jiƙa ƙasa. Uwata ba ta kwance ba, tata uwar ba ta kwance ba."

"Wannan ai camfi ne!"

"Kira shi abin da kika ga dama. In na kwance miki yau, gobe Baffanki Landin zai zo yana sosa ƙeya ya ce baƙi ya yi. Jibi maƙwabciya ta zo da kwano ta ce jikanta ba lafiya. Kafin damina sai igiya ta rage mini a rumbu. Ki zo da ruwan farko, ki tuɓe waɗannan takalman naki masu kama da kofato, ki shigo laka, in zuba miki da hannuna."

Na yi magiya, na yi fushi, na ce cikin hannu ɗaya ba zai rage komai ba. Ta ci gaba da gyaran kifinta. A garinmu ko mijin mace ba ya leƙa rumbunta, balle jika. Na koma Sanluwi hannu wofi.

A can na sami shugaban sashenmu, Dakta Fay. Basarere ne, ƙabilarsu abokan wasanmu ne mu Jola, don haka bai taɓa yi mini magana ba tare da tsokana ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsofaffin iri a kudu da ke ɓacewa. A ba ni mota da mutum ɗaya in zaga ƙauyukan bakin rafi, in tambayi tsofaffin mata, ko wata na da irin Akinti."

"Ku Jola," in ji shi, "ko a lahira aka tambaye ku me kuke so, shinkafa za ku ce. Baiwata, bana aikin sanyi aka ba mu. Manoman kwarin nan irinsu na daskarewa a watan Disamba, kin gani da idonki."

"Ƙwayoyin gadon ai 'yan gida ɗaya ne, ranka ya daɗe. Abin da muka gano a gishiri zai yi mana amfani a sanyi."

"Na sani, ni na koya miki. Amma mai ba da kuɗin sanyi ya ce, bai ce gishiri ba. Shinkafar kakarki ta shekara ɗari tana jira, za ta ƙara 'yan watanni. Ina za ta je?"

Ya yi dariya, ni ma dole na yi yaƙe. Mutumin kirki ne Dakta Fay. Duk waɗanda suka ce mini in jira mutanen kirki ne.

Ana tsakiyar zafin bazara, hadari bai ko fara haɗuwa ba, Baffa Landin ya kira ni da hantsi. Kaka ta tashi lafiya, ta share tsakar gida, ta ce kanta na juyawa, ta kwanta. Shi ke nan. Za a kai ta bayan azahar.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ina cikin kukan na ce, "Baffa, don Allah, dammai na rataye a rumbunta. Jar shinkafa ta bana. Kada a taɓa su."

"Sona, uwata ce kwance a gabana, ke kina zancen shinkafa?"

"Baffa, ka yi haƙuri. Ka faɗa wa Gwaggo Nyima. Ka ce ina bukatarta don aikina."

"Rumbu harkar mata ce. Zan faɗa mata."

Na kira Gwaggo, wayarta na hannun wata da ke ta kuka ba ta ma jin abin da nake cewa. Daga Sanluwi zuwa Kanjolen sai ka ratsa ƙasar gaba ɗaya, ka ƙetare Gambiya, ka sauka ka hau, ka sauka ka hau. Ban isa ba sai ranar sadakar uku da safe.

Tun daga bakin gari na ji lugude. Taɓare da yawa, suna sauka bi da bi, irin dakan da matan dangi ke yi idan babbar mace ta tafi. Na ƙara sauri.

Tsakar gida cike take. Maza a kan tabarmi ana addu'a, mata a bayan ɗaki. An buɗe rumbun Kaka, an jera tsofaffin dammanta a kan gado a fili don kowa ya ga ba ta mutu da yunwa ba. Wasu sun yi baƙi da hayaƙin shekaru. Mutane na wucewa suna jinjina kai, suna cewa lallai Sirandin mace ce. Ban gama gaisuwa ba wata ta kamo hannuna ta danƙa mini curin gumba, mai sanyi, mai danshi. Na duba. Ja-ja ne a jikinsa.

Na ratsa mata har wajen turame. Gwaggo Nyima, babbar 'yar Kaka, tana tsaye da faifai, ɗaurin ƙirji, idanunta sun kumbura. Ita ke ba da umarni, don ranar mutuwa gidan na 'ya'ya mata ne da suka yi aure a waje.

"Gwaggo, ina dammai na rataye?"

"Ko sannu babu? Ko ya haƙuri babu?"

"Ya haƙuri, Gwaggo. Allah ya jiƙanta. Ina suke?"

Ta nuna ƙwarya da haɓa. Manyan ƙore cike da curin gumba, an rufe da farin ƙyalle.

"Duka?"

"Da me kike so in yi wa uwata sadaka? Da shinkafar buhu, a ce Sirandin Baji da ta shekara saba'in a laka an raka ta da abincin kanti? Ko da tsohuwar nan mai warin hayaƙi, mutane su kai baki su tofar? Gumba sabuwar shinkafa take so. Sabuwa kuwa a garin nan bana, in ba tata ba, ta wa?"

"Iri ne, Gwaggo! Iri ne!"

"Na san iri ne, ba a birni aka haife ni ba. Wa zai shuka? Ni da ke Zigincor ina sayar da manja? Matar Landin mai ciwon baya? Ko ke?"

"Baffa bai faɗa miki ina so ba?"

"Ya faɗa. Kin ɗauka na manta da ke?" Fuskarta ta saki. Ta ajiye faifan, ta kama hannuna ta ja ni ɗakin Kaka. A ƙarƙashin gado ta jawo wani dami a naɗe cikin zanen saƙi. "Ga shi. Akinti ce zalla. Tun shekarar da kika shiga sakandare ta girbe ta, ita ce mafi tsufa a rumbun. Matar Landin ta sa ido a kai, na ce ko kusa. Wannan ta Sona ce, ita ce ke son ta kai wa injinta ya duba. Abin dubawa ai sai a ba shi mai daraja, kada Turawan wajen aikinku su raina mu."

Tana murmushi cikin hawaye. Ta ba ni abin da ya fi komai girma a gidan, abin da ake ba babban ɗa. Ita ta san tsohuwar shinkafa ba ta tsira, kowace mace a Kanjolen ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne ni mai rai nake nema. An ce mata aikina dubawa ne, ta zaɓo mini mafi kyan gani.

Na karɓa da hannu biyu na durƙusa na yi godiya.

Daga nan na fita na koma wajen turame kamar mahaukaciya. Na durƙusa ina tona ƙasa da yatsu, ina neman ƙwayar shanshera ko ɗaya da ta faɗi kafin a surfa. Na zazzage ƙaiƙayin da aka sheƙe. Kaji sun riga ni. Abin da na samu 'yan gutsattsari ne da taɓarya ta farfasa, an jiƙa su, idonsu ya fita.

"Wayyo, jikar Sirandin ta zautu," in ji wata tsohuwa.

"Ba zautuwa ba ce, boko ne," in ji wata. "Haka yake fara musu."

Na shiga rumbun da kaina, tunda yanzu babu mai hana ni. Igiyoyi na reto. An share ƙasan tas, don matanmu ba su barin rumbun mamaciya da datti. Na bi gida-gida ina tambaya. Kowa ta ce ai ta daɗe da rabuwa da Akinti, wata ma ta ce in zan kawo sabon iri daga wajen aikinmu in tuna da ita.

Na koma Sanluwi da damin a cinyata. Na zaɓi ƙwayoyin da suka fi cika, na jera su a farantai kan auduga mai laima, na sa su a ɗumi. Na san abin da zai faru, amma na yi. Kowace safiya ina buɗewa. Suka kumbura, suka yi laushi, suka fara fumfuna. Na sake da wasu. Na ɓare wasu na ciro ɗan idon da allura na kwantar da shi a kan abincin da muke renon jariran shuka. Ko ɗaya bai motsa ba.

Dakta Fay ya zo ya tsaya a bayana. Wannan karon bai tsokane ni ba. Ya ce, "Za mu iya niƙa ta mu karanta abin da ke rubuce a ciki. Matacciya ma ana karantawa."

Gaskiya ya faɗa. Mun karanta. Masu ganga suna nan a jere, da yawansu, kamar yadda suke a kowace shinkafa, wasu da 'yan bambance-bambance. Amma wanne ne ya tashi ranar da jinga ta fashe? Wanne ne ya fara, wa ya tasa, da wane ƙarfi? Wannan sai shuka mai rai, saiwarta a cikin gishiri, za ta nuna maka. Kuma ba a ɗaura wa gawa aure. Ina da sunayensu duka a gabana, ba ni da wanda zan tambaya.

Da ruwan farko ya sauka na sake zuwa Kanjolen, ko wata ƙwaya da ta zube a gonar lokacin girbi za ta tsiro da kanta. Toshiyar da aka yi wa jingar wajen Kaka ta sake ɓallewa, babu wanda ya gyara. Samarin da za su riƙe kajandu suna Dakar suna tallan katin waya. Teku ta yi ta shiga tana fita tun rani. Na tuɓe takalma na shiga, ɓawon gishiri yana fashewa a ƙarƙashin ƙafata, lakar na da ɗumi. Na zaga gonar kunya bayan kunya. Ƙananan ƙaguwa ne kawai ke gudu suna shigewa ramukansu.

Ba na jin haushin Gwaggo Nyima. Ta yi wa uwarta abin da ya kamata. Ba na jin haushin Kaka. Haushinku nake ji, da na duk wanda ya yi karatu ya san darajar abin nan ya bar shi rataye a kan igiya ɗaya, a hannun tsohuwa ɗaya, yana cewa akwai lokaci.

A garinku ma akwai irin wannan tsohuwa. Wataƙila ba shinkafa ba ce a wajenta, wataƙila wani gero ne da ke yi ko ruwa ya yi rowa, ko wata dawa, ko wake da kowa ya raina. Kun san ta, kun san ƙofar gidanta. Ku tashi ku je kafin damina ta sauka. Ku gaishe ta, ku tambaye ta sunan irin da ranar da take kwance shi, ku kasance a tsaye a wurin ranar. Ku karɓi cikin hannu ɗaya. Kada ku adana shi a kwalba, ku shuka shi bana, ku girbe, ku raba wa gida uku a garuruwa daban-daban, ku kai saura wa masu bincike ku tsaya a kansu har sai sun karɓa. Ku je a makon nan.